Yadda Za Ka Tantance Labarin Sabon Makami Ba Tare Da Manhajar Hira Ta Ɓatar Da Kai Ba

A watan Yunin 2025, lokacin da Isra'ila da Iran suka shafe kwana 12 suna musayar wuta, wani ƙanena ya turo hoto a zauren WhatsApp na danginmu. Jirgin yaƙi ne samfurin F-35 kwance a cikin rairayi, jama'a sun kewaye shi, an rubuta a ƙasa cewa Iran ce ta kakkaɓo shi. Da na buɗa hoton na ƙura masa ido, sai na ga mutanen da ke tsaye a gefensa sun zama kamar tururuwa a gindin rumbu, alhali tsawon wannan jirgi bai cika mita 16 ba. Kafin in ce uffan, wani ya riga ya rubuta cewa ya tambayi manhajar hira ta ƙirƙirarriyar basira kuma ta gaskata hoton, ba a jima ba wani ya ce shi ma ya tambaye ta amma ta ce masa na bogi ne. Abin da ya dame ni shi ne yadda mutane masu ilimi suka miƙa wa manhaja alƙalancin abin da idonsu zai iya warwarewa.

Kafin ka yi wa irin waɗannan manhajoji tambaya a kan makamai, ya kamata ka san irin aikin da aka gina su a kai. ChatGPT, wadda kamfanin OpenAI ya fitar a ranar 30 ga Nuwamban 2022, da takwarorinta irin su Gemini da Claude da Grok da Meta AI, duk an horar da su ne da ɗimbin rubuce-rubucen mutane, har suka ƙware wajen hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Wannan ƙwarewa ce take sa maganarsu ta fito a tsare kamar ta masani, sai dai ba ta kai su filin daga ba. Iliminsu yana tsayawa a lokacin da aka kammala horar da su, kuma ko waɗanda aka ba damar binciken intanet suna karanto abin da suka tarar ne, gaskiya da ƙanzon kurege a haɗe. Mafi hatsari kuma shi ne, idan suka rasa amsa sukan ƙirƙiro ta cikin natsuwa. A shekarar 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar mata da hukunce-hukuncen da ChatGPT ta shirya musu, waɗanda babu su a kowane kundin shari'a. Idan har haka ta faru a fagen shari'a inda komai yake rubuce a fili, to ina ga fagen soja, inda ainihin ƙarfin makami sirri ne da ƙasa ke tsarewa, abin da ke fitowa fili kuma yawanci sanarwar gwamnati ce ko tallar kamfani?

Don haka matakin farko ba ya buƙatar manhaja. Ka tuɓe wa labarin rigar ado, ka rubuta ainihin abin da aka yi iƙirari a jimla guda, sannan ka nemi bakin da maganar ta fara fitowa. Ma'aikatar tsaron ƙasar da ke cikin yaƙi tana da dalilin kambama nasararta da ɓoye asararta, kamfanin da ya ƙera makami yana neman kasuwa, abokin hamayya kuma wani lokaci yakan zuzuta makamin abokin gabarsa domin majalisar ƙasarsa ta ƙara masa kuɗi. Wannan hali bai keɓanta da wata ƙasa ba. A watan Fabrairun 1991 shugaban Amurka George H. W. Bush ya ce na'urar Patriot ta tare makaman Scud 41 daga cikin 42 da aka yi ƙoƙarin tarewa cikin waɗanda Iraƙi ta harba, amma daga baya Theodore Postol na jami'ar MIT ya bi hotunan bidiyo ɗaya bayan ɗaya ya ƙalubalanci hakan, ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka kuma ya ce a 1992 hujja mai ƙarfi ta tabbatar da nasara ne a kusan kashi 9 cikin 100 kawai. Duk manhajar da ka tambaya a makon da aka yi sanarwa irin wannan, adadin farko za ta maimaita maka, domin shi kaɗai ne a rubuce.

Daga nan sai ka tambayi matakin da makamin ya kai, domin a nan ne aka fi yi wa masu karatu rufa-rufa. Akwai zane a takarda, akwai gunkin da aka sassaƙa don baje koli, akwai samfurin gwaji da ya tashi sau ɗaya ko sau biyu, akwai wanda aka shiga ƙerawa da yawa aka raba wa rundunoni, akwai kuma wanda aka gwada a yaƙi aka ga iyakarsa. Tsakanin matakin farko da na ƙarshe akan yi shekara goma ko ashirin, kuma da yawa a hanya suke mutuwa. A watan Fabrairun 2013 Iran ta baje kolin jirgin Qaher-313 a matsayin jirgin yaƙi mai ɓacewa daga na'urar hangen jirage, amma masana harkar jirage da suka duba hotunan sun lura cewa mazaunin matuƙin ya yi ƙanƙanta har gwiwoyinsa suna leƙowa, suka yanke cewa gunki ne. Manhajar hira takan haɗa waɗannan matakai a dunƙule, ta ce maka ƙasa kaza “tana da” makami kaza. Ka dage ka tambaye ta ko an fara amfani da shi, guda nawa aka miƙa wa soja, kuma wa ya shaida hakan ban da mai shi.

Sai kuma kalmomin da ake jefawa don su razana mai ji. Babu wadda aka fi wasa da ita kamar batun makamai masu linzami da suka ninka saurin sauti sau biyar, wato kimanin kilomita 6,000 a awa guda. A jawabinsa na ranar 1 ga Maris 2018, Vladimir Putin ya gabatar da Kinzhal da Avangard da wasu makamai a matsayin waɗanda babu garkuwar da za ta iya tare su. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, manyan makamai masu linzami da ke ƙetare nahiyoyi sun daɗe da wuce wannan sauri tun zamanin yaƙin cacar baka, saboda haka gudun kaɗai ba sabon abu ba ne. Sabon abin da ake nema shi ne makamin ya iya sauya hanya yana cikin wannan gudu, kuma ya yi ƙasa-ƙasa yadda za a makara wajen hango shi. A watan Mayun 2023 Yukren ta ce ta harbo Kinzhal a sararin birnin Kiev da na'urar Patriot, ma'aikatar tsaron Amurka ta goyi bayan maganar, Rasha kuma ta musanta. A irin wannan wuri manhajar hira tana da amfani na gaske, domin za ta iya yi maka bayanin ma'anar kalmar da bambancin nau'o'in makaman cikin sauƙi, amma ba za ta iya raba maka gardamar wanda ya faɗi gaskiya a daren da abin ya faru ba.

Labaran makamai masu sarrafa kansu sun fi kowanne saurin yaɗuwa, kuma biyu daga cikinsu sun isa darasi. Rahoton kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya a kan Libiya, wanda ya fito a watan Maris 2021, ya ambaci jirgi marar matuƙi samfurin Kargu-2 na kamfanin STM na Turkiyya, ya ce an yi amfani da irinsa wajen farautar mayaƙan Khalifa Haftar da ke ja da baya a 2020. Kanun labarai a duniya suka ce na'ura ta kashe mutum da kanta a karon farko, alhali rahoton bai faɗi cewa jirgin ya kashe kowa yana sarrafa kansa ba. Na biyun kuma a 2023 ne, lokacin da wani kanar na sojan saman Amurka, Tucker Hamilton, ya ba da labari a wani taro a Landan cewa jirgi marar matuƙi ya juya ya hallaka mai ba shi umarni a wani gwajin kwamfuta. Cikin kwanaki kaɗan ya janye maganar, ya ce misali ne kawai ya buga kuma ba a taɓa yin gwajin ba. Shafukan da suka ɗauki labarin farko sun fi waɗanda suka ɗauki gyaran yawa nesa ba kusa ba, kuma manhajar da ta koyi magana daga intanet takan karkata ga abin da aka fi maimaitawa. Saboda haka duk lokacin da ta ba ka labari mai ɗaga hankali, ka bi ta da tambayar ko an taɓa janye shi ko an gyara.

Game da hoto da bidiyo, shawarata ita ce kada ka nemi hukuncin manhajar hira ko kaɗan. Ka ɗauki hoton ka saka a Google Lens ko TinEye domin ganin inda ya fara bayyana da ranar da aka fara ɗora shi, idan kuma bidiyo ne ka tsayar da shi ka ɗauki hoton allo a wurare biyu ko uku ka yi haka. Sau da yawa za ka tarar abin tsoho ne, ko na wata ƙasa, ko ma daga wasan kwamfuta aka yanko shi. Bidiyon da ya yi ta yawo a farkon yaƙin Yukren a 2022 na matuƙin da aka yi wa laƙabi da fatalwar Kiev daga wasan Digital Combat Simulator aka samo shi, kuma rundunar sojan saman ƙasar ta amince daga baya cewa matuƙin almara ne. A watan Nuwamban 2017 ma'aikatar tsaron Rasha da kanta ta wallafa hoton da ta ce hujja ce cewa Amurka na taimakon ƙungiyar IS, sai aka gano daga wani wasan wayar hannu aka ciro shi. Ka riƙa duba girman mutane idan aka gwada da abin hawa, da inuwa, da rubutun da ke jikin jirgi ko tuta, domin hotunan ƙirƙira sukan yi tuntuɓe a waɗannan wurare.

Idan ka zo yin tambayar kanta, yadda ka gina ta yana sauya amsar. Waɗannan manhajoji suna da halin bin ra'ayin mai tambaya, don haka wanda ya rubuta “me ya sa babu mai iya tare makami kaza” zai sami dogon bayani da ke ƙarfafa abin da ya riga ya ɗauka. Ka tambaya ba tare da nuna ɓangare ba, ka ce ta rarrabe maka abin da mai makamin ya faɗa da abin da masu zaman kansu suka tabbatar da abin da ake taƙaddama a kai. Ka buɗe sabuwar hira ka sake tambayar da wasu kalmomi, kuma idan adadi ko shekara ta sauya to ka san shaci-faɗi ne. Wanda yake jin Turanci ko Faransanci ko Larabci ya gwada da su ma, domin rubutun Hausa da aka horar da manhajojin da shi kaɗan ne, kuskurensu a Hausa ya fi yawa, musamman a sunayen makamai. Sannan ka nemi majiya, ka kuma buɗe ta da hannunka. Na taɓa neman majiyar wani adadi a kan jirage marasa matuƙa a yankin Sahel, manhajar ta ba ni sunan rahoto da shekara da lambar shafi, na ɓata yammaci guda ina nema kafin na gane babu rahoton a duniya.

Wuraren da ya dace ka kai adadin ka auna sanannu ne. Cibiyar SIPRI da ke Stockholm tana da rumbun bayanan cinikin makamai tsakanin ƙasashe wanda kowa zai iya dubawa kyauta, cibiyar IISS da ke Landan tana fitar da ƙididdigar rundunonin duniya duk shekara, shafin Oryx yana lissafa kayan yaƙin da aka rasa ne kawai idan akwai hoto ko bidiyo, a gida kuma akwai Dubawa da Africa Check masu bin diddigin ji-ta-ji-ta. Su ma sukan yi kuskure, amma suna nuna hanyar da suka bi, kana iya komawa ka bi sawunsu.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin jirage marasa matuƙa samfurin Bayraktar TB2 na Turkiyya sun iso Nijar da Najeriya da Mali da Burkina Faso, kuma akan zuzuta ingancin saitinsu. Manhaja za ta karanto maka tsawon awannin da jirgin ke yi a sama da ingancin kyamararsa, amma ba ta san wanda ke zaune gaban allo ba, ba ta san ingancin bayanan sirrin da aka ba shi ba, ba ta kuma san wanda ya ba da umarnin harbi ba. A daren 3 ga Disamban 2023 jirgi marar matuƙi na sojan Najeriya ya jefa bam a kan masu bikin Maulidi a Tudun Biri da ke ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA ta ce aƙalla mutum 85 ne suka rasu. Saboda haka idan ka karanta cewa wani makami ba ya kuskure, ka ƙara tambayar yadda ake tantance wanda za a harba, da wanda ke bincike idan an yi ɓarna, da ko an taɓa wallafa sakamakon irin wannan bincike. Idan ba ka sami amsar ba a ranar, ka riƙe labarin a wayarka kwana biyu ko uku kafin ka tura wa kowa, sannan ka sake neman sa tare da kalmar “gyara” ko “musantawa” ka ga abin da ya fito.