Yadda Ake Gane Ko Garkuwar Kunamar Libarbar Kwaikwayo Ta Bi Ta Asali

Kamfanonin Italiya irin su Uberti da Pietta suna ƙera kwaikwayon tsofaffin libarbobin Amurka masu cin albarushi. Wasu sun bi tarihi sau da ƙafa, wasu kuwa haɗe-haɗe ne. Garkuwar kunama, wato ɗan zoben nan da ya kewaye kunamar bindiga, tana cikin abubuwan da suka fi saurin tona asirinsu.

Da farko ka tabbatar da samfurin da aka ce an kwaikwaya. In Colt Paterson ce ta 1836, ba ta da garkuwa ko kaɗan, kunamarta naɗewa take yi.

Sannan ka juya bindigar gefe, ka dubi bayan garkuwar, inda ɗan yatsan tsakiya ke jingina. Ko dai ya miƙe ya yi kusurwa, ko ya lanƙwasa. A cikin samfuran kamfanin Colt, Walker ta 1847 da Dragoon na farko da na biyu duk masu kusurwa ne, na uku ne ya koma lanƙwasasshe. A nan sai ka haɗa da ƙananan ramukan da ke jikin gangar harsashi ta waje. Na Dragoon na farko siffar ƙwai gare su, na biyu da na uku kuma kusurwa huɗu. Ramuka masu siffar ƙwai da lanƙwasasshiyar garkuwa ba su dace da juna ba.

Colt Navy ta 1851 ta fi rikitarwa. Dubban farko kaɗan ne suka fito da mai kusurwa, daga nan aka koma ƙaramar lanƙwasasshiya, daga baya babba. Saboda haka mai kusurwa daidai ce, amma ta farkon ƙira kawai take wakilta. A ganina, mai neman kamannin Yaƙin Basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 gara ya ɗauki lanƙwasasshiya, don ita ta fi yawa a hannun mutane.

Sai ka duba ƙarfen, maganaɗisu ya isa. Garkuwar Navy ta farar hula tagulla ce da ruwan azurfa, amma ta wadda Colt ya ƙera a masana'antarsa ta Landan baƙin ƙarfe ce. Colt Army ta 1860 garkuwarta tagulla, bayan mariƙinta ƙarfe. Remington New Model Army ma garkuwar tagulla gare ta a jikin ƙarfe.

Daga ƙarshe karanta awon faɗin ramin bututu da aka buga a jikinsa. Colt bai ƙera Navy ta 1851 a awon .44 ba, .36 ce. In ka ga .44, ko da garkuwar ta yi daidai, ƙirƙirar zamani ce.