Sabon injin ban ruwa da ke mutuwa ba dalili

Salamu alaikum 'yan uwa manoman rani. Bara na sayo inji sabo dal a kwali, na kai shi fadamarmu wajen Auyo. Minti goma sai ya mutu, a tada, ya sake mutuwa. Har na fara zargin mai shago, ashe ni na dasa shi a karkace bakin rijiya. Da yawan irin waɗannan injina suna da na'urar da ke kashe inji in baƙin mai ya yi ƙasa, karkacewar kuwa ruɗa ta take.

Ku baje ƙasa tukuna, ku cika baƙin mai, don sababbin injina wayam suke zuwa. Bayan awa 20 na aiki a juye shi, za ku ga garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Man bumburutu kuma, a tace da ƙyalle.