Toshewar Hanci a Lokacin Hunturu: Abin Da Za a Haɗa a Gida

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazon da ke rufe Gusau da Ƙaura Namoda da Talata Mafara ƙura ce da iska ke kwasowa daga Sahara. Tana busar da fatar cikin hanci, majina ta yi kauri, ƙananan ƙofofin da ke haɗa hanci da ramukan iska na ƙashin goshi da kumatu su kumbura su toshe. Shi ya sa goshi ke nauyi, musamman idan an yi ruku'u. Maganin gida duk aikinsa biyu ne: ya tsinka majinar, ya lafar da kumburin.

Ruwan gishiri ne kan gaba, kuma shi aka fi rainawa. A tafasa rabin lita na ruwa, wato cikin ledar fiya wata ɗaya, ya yi minti biyar yana tafasa, a sauke ya huce ya koma ɗumin jiki. A zuba gishiri cokalin shayi ɗaya a shafe, ba a tula ba. In akwai sodar yin burodi (baking soda) a ƙara rabin cokali, tana rage raɗaɗi. Kanwa ba ta maye gurbinta, kada a sa. A sami sirinji mai cin mililita 20, a cire allurar, a sunkuya kan roba, a karkata kai gefe, baki a buɗe ana numfashi ta nan. A matsa ruwan a hankali cikin ƙofar hancin da ke sama, zai fito ta ɗayar ko ta baki. Sirinji uku ko huɗu kowane ɓangare, safe da dare. Sannan a fyace a hankali, ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Fyacewa da ƙarfi tana tura majina zuwa kunne.

Idan ya yi zafi kamar barkono, gishirin ya yi yawa ko ya yi kaɗan, don ruwa zalla ma yana yi wa hanci zafi. Ruwan rijiya ko na gulbi da ba a tafasa ba kada ya shiga hanci ko kusa, akwai ƙwayoyin da ciki ke iya kashewa amma hanci ba ya iyawa. Abin da ya kwana a zubar, a haɗa sabo. Jariri kuwa ɗigo biyu a kowace ƙofa kafin shan nono ya isa.

Sirace yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, ba ya kashe mura. A sauke tukunya daga wuta, a jefa ganyen turare ko na'a-na'a ko ɗoɗɗoya cikin hannu ɗaya, a bar ta minti biyu, sannan a lulluɓa da zane, fuska nesa da ruwan kamar kamu ɗaya, ido a rufe, minti goma. Ba a yi wa yaro sirace kan tukunya, ƙunar da ake samu ta fi murar muni. Mai asma ya yi da ruwa zalla, in ƙirji ya fara riƙewa ya daina. Tsumma mai ɗumi a ɗora kan goshi da kumatu yana rage nauyin fuska ba tare da wannan haɗarin ba.

Abin sha kuma: ɗanyar citta kamar babban yatsa a daddaka, kanumfari uku, masoro kaɗan, a tafasa cikin kofi biyu na ruwa minti goma. A tace, sai ya ɗan huce a matse rabin lemun tsami, a sa zuma cokali ɗaya. Sau biyu ko uku a rana. Mai gyambon ciki ya rage cittar, ya bar masoron, ya sha bayan abinci. Yaron da bai cika shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma.

Man kaɗanya mai tsabta, ɗan kaɗan a bakin ƙofar hanci da dare, yana hana tsagewa da haɓo. Kada a ɗura mai can ciki, yana iya gangarawa huhu. Tafarnuwa ma a ci ta a miya. Cusa ta a hanci ƙona fata take yi, ruwan da ke zuba bayan an cire ta na ƙunar ne. Man zafi irin su Robb a ƙirji ake shafawa, ban da yaron da bai kai shekara biyu ba. Ɗigon hanci na kemis irin Otrivin yana buɗewa nan take, amma in an yi kwana da kwanaki ana sa shi, hancin yakan toshe fiye da da, don haka kwana uku ya isa.

A kwanta da matashi biyu, a rufe hanci da takunkumi ko rawani in za a hau babur. Kaskon garwashi kada ya kwana a ɗaki a rufe, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

Majina ta koma ɗorawa ba dalilin sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ne, yawancin mura kan wuce cikin kwana bakwai zuwa goma. A je asibiti idan ta haura kwana goma, ko an fara samun sauƙi sai zazzaɓi ya dawo, ko gefen ido ya kumbura. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya kuwa ba a jira gari ya waye: lokacin ƙura shi ne lokacin sanƙarau, kuma annobar 2017 daga Zamfara ta faro.