Yadda ake tabbatar da cewa babbar lamba ba ta rabuwa

Ɗalibin lise da ke shirin jarrabawar bak a Yamai, ko mai karatun lissafi a Jami'ar Abdou Moumouni, ba zai rasa cin karo da lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kuma kansu ba, irin su 2, 3, 5, 7 da 11. Ƙananan ba su da wuyar ganewa. Manyan ne ke buƙatar hanya, domin ido ba ya yanke hukunci a kansu.

Fara da tankaɗe. Lambar da ta ƙare da 0, 2, 4, 5, 6 ko 8 ta faɗi nan take, haka ma wadda jimillar alƙalumanta ke rabuwa da 3. Wadda ta tsallake, sai ka riƙa raba ta da 7, 11, 13, 17 zuwa sama, amma ka san inda za ka tsaya: da zarar mai rabawar, in an ninka shi da kansa, ya zarce lambar, aiki ya ƙare. Ɗauki 2027. Tunda 47 sau 47 ya ba da 2209, wanda ya zarce ta, gwajin ƙarshe shi ne 43, kuma duk cikinsu babu wanda ya raba ta ba saura. Maƙwabciyarta 2021 kuwa tana jure kowane gwaji har zuwa 41, sannan ta fashe a na ƙarshe, domin 43 sau 47 ce. Saboda haka nake ganin gajiya kafin a kai iyaka ita ce babbar illa a wannan aiki.

Idan lamba ta kai alƙaluma talatin ko arba'in, rabawa ɗaya bayan ɗaya ba za ta kai ka ko'ina ba. Lambobin Mersenne, wato 2 da aka ninka da kansa sau wani adadi da za mu kira p, aka cire ɗaya, suna da gajeriyar hanya. Dole p ya zama marar rabuwa, ko da yake hakan bai wadatar ba: p na 11 yana ba da 2047, wanda shi ne 23 sau 89. Gwajin masana lissafi Lucas da Lehmer ne ke raba gardama. Fara da 4, ninka shi da kansa, cire 2, raba da lambar da ake gwadawa, ka riƙe saura, ka maimaita sau p ban da biyu. Ga 127, inda p yake 7, za ka samu 14, 67, 42, 111, sannan 0, kuma wannan sifirin shi ne shaidar cewa ba ta rabuwa.

Da tushen wannan dabara Édouard Lucas na Faransa ya tabbatar da lamba mai alƙaluma 39 a 1876, da hannu. Da ita kuma aka tabbatar da wadda GIMPS, shirin masu sa kai na neman lambobin Mersenne ta intanet, ya gano a Oktoban 2024, mai p na 136,279,841 da alƙaluma 41,024,320. Kafin ka damƙa gwajin ga kwamfuta, gwada p na 13 a takarda: lambar ita ce 8191, matakai 11.