In za ka fara sana'ar ɗaukar hoton mutane, ka fara koyon haske kafin editin

Kusan duk yaron da ya zo shagona yana son koyon hoto tambayarsa ɗaya ce, Oga da wane afilikeshin kake editin. Ba wanda ya taɓa fara tambayata a ina zan tsayar da mutum ko ƙarfe nawa ya kamata in ɗauka, alhali wallahi nan aikin yake. Hoton da aka ɗauka a mummunan haske ko kwana ka yi a kan kwamfuta kwaskwarima kawai za ka yi masa, ba zai zama mai kyau ba.

Na koyi wannan ne a wata sallah ƙarama, farkon fara sana'ata. Wani ango sabon aure ya zo da farar shadda an yi mata aiki a wuya har ƙirji, na tsayar da shi a fili ƙarfe ɗayan rana na yi ta dannawa, a bayan kyamara komai ras. Da na buɗe a kwamfuta sai ga rigar ta zama fari fat kamar takarda, aikin da ya kashe kuɗi a kai ko zare ɗaya ba a gani, fuskarsa kuma ta yi duhu, hula ta jefa masa inuwa har kan hanci idanun sun zama rami biyu. Na ji kunyar bawan Allahn nan sosai, na kira shi na ba shi haƙuri muka sake da yamma kyauta.

Wannan matsala ta farar shadda da baƙar fata ita ce babbar jarabawar mai hoto a wurinmu, don haka bari in daɗe a kanta. Kyamara tana auna hasken da ke gabanta ne gaba ɗaya, in ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske fuska ta dushe, kai kuma in ka ƙara don fuska ta fito sai riga ta ƙone. Maganin shi ne ka fitar da mutum daga rana tsaka ka kai shi inuwa mai buɗaɗɗen gaba, bakin zaure misali, ko gefen dogon gini, ko kusa da babbar taga, ya fuskanci wajen da haske ke shigowa. Ka saita haske yadda rigar ba za ta ƙone ba, kunna alamar nan ta kyamara da ke ƙiftawa a duk inda fari ya wuce ƙima, in ka ga riga tana ƙiftawa rage kaɗan. Sai ka dawo wa fuska da haske da riflekta, wato faifan nan mai sheƙi da ke mayar da haske kan mutum. In ba ka da kuɗin riflekta farin kwali babba ya isa, ko abin nan mai ruwan azurfa da ake sawa a gilashin mota don tare rana, ka ba yaro ya riƙe daidai ƙirjin mutumin yana ɗan karkatawa har ka ga ɗigon haske ya bayyana a cikin ƙwayar ido. In ɗigon nan ya fito hoto ya samu rai.

Ka yi hankali da gindin darbejiya, kowa can yake gudu saboda inuwa amma rana tana ratsowa ta ganye ta yi wa fuska dabbare-dabbare, wani lokaci har launin kore ya hau fata. Lokacin da na fi so a waje shi ne da sassafe ko daga ƙarfe biyar na yamma zuwa gab da magariba. Hazon hunturu ma yana tausasa haske sosai, sai dai kar ka kuskura ka canza lens, wato gilashin gaban kyamara, a waje lokacin, ƙura za ta shige ciki ka dinga ganin ɗige-ɗige a kowane hoto.

Kuma kar ka raina hasken rana don ba ka da fitilun situdiyo. Seydou Keïta na Bamako wanda ya buɗe wurin hotonsa a 1948, yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana da zane a rataye a baya, yau ga su a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya.

Maganar kaya a taƙaice. Ba sai ka sayi sabuwar kyamara ba, tsohuwar Canon ko Nikon ta hannu ta isa, abin da zai canza maka aiki shi ne lens ɗin 50mm f/1.8, yana cikin mafi araha, kuma a ƙananan kyamarorin Canon yana aiki kamar 80mm wanda ya dace da fuska sosai. In lens ɗin da ya zo da kyamara kake da shi, mai zuƙowa daga 18mm zuwa 55mm, to murɗa shi zuwa 55 ka ja da baya. Kar ka bar shi a 18 ka matso kusa, hanci zai kumbura goshi ya faɗaɗa.

Saiti kuma ga yadda nake yi. Lambar f ita ce buɗewar lens, in ta yi ƙasa ya fi buɗewa. Mutum ɗaya f/2 zuwa f/2.8, baya ya narke shi ya fito. Ango da amarya f/4, don in ka bar f/1.8 ɗaya zai fito tar ɗaya ya yi dishi-dishi. Taron dangi layi biyu ko uku f/5.6 zuwa f/8. Saurin shota, wato saurin ƙiftawar kyamara, kar ya yi ƙasa da 1/200 na sakan, yara masu tsalle-tsalle 1/500. ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 100 zuwa 400 a waje, a cikin ɗaki ka hau 1600 ba tsoro, gara hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa da hoton da ya girgiza, na farko yana gyaruwa na biyu sai shara. Fokas kuma kullum a kan idon da ya fi kusa da kai, ka zaɓi ɗigon fokas ɗaya da kanka kar ka bar wa kyamara zaɓi, ita sau da yawa kan hanci ko ɗankwali za ta kama. Sannan ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, in kyamararka na yi, fayil ɗin ya fi nauyi yana cin memori amma shi ke ba ka damar ceto farar riga da inuwar fuska a baya.

Mutane da yawa suna sandarewa gaban kyamara, musamman manya. Ka yi musu hira, Baba ɗan juyo kafaɗa nan, Hajiya a ɗan sauke haɓa kaɗan, madalla haka ya yi. In kai namiji ne kar ka kai hannu ka gyara wa mace mayafi ko gwaggwaro, ka sa ƙawarta ko ƙanwarta ta gyara, wannan kaɗai yana sa a sake kiranka gida. Amarya kuma kar ka manta da hannu, lallen nan awa nawa aka yi ana zana shi, tana so ya fito. Kafin ka danna duba bayan mutum, bokiti, igiyar shanya, turken wuta da ya fito ta tsakiyar kai, kawar da su na sakan goma ne, gogewa a kwamfuta kuwa sai ka yi rabin awa.

Toh yanzu editin. Abu na farko tacewa, in ka ɗauki 300 ka zaɓi 30 ko ƙasa da haka, kar ka tura wa kwastoma wanda ya rufe ido ko baki a buɗe don kawai a ga yawa. Daga nan ni afilikeshin ɗin Lightroom nake buɗewa, na waya ma yana aiki, Snapseed kuma kyauta ne ga wanda bai da kwamfuta tukuna. Ina fara gyara launin haske ne, in farar riga ta koma shuɗi-shuɗi ko ruwan ɗorawa to fatar ma ta gurɓace, hasken rana yana wajen 5500 a ma'aunin launin haske na Kelvin, daga nan nake lalube. Sai hasken hoton gaba ɗaya, sai in ja wuraren da suka yi fari ƙasa har aikin shadda ya dawo, in ɗaga inuwa kaɗan, in daidaita karkata in yanke. Fata ita ce ƙarshe.

Nan ne zuciyata take ɓaci da abin da nake gani. An mayar da editin ya zama bilicin, a ɗauki yarinya baƙa kyakkyawa ko wankan tarwaɗa a mayar da ita fara sol, a goge fuska ta yi sumul kamar roba, wuya da hannu kuma an manta da su suna nan da launinsu na asali. Na taɓa ganin uwar amarya ta riƙe firem tana juyawa tana cewa wannan ai ba 'yata ba ce, abin ya tsaya min a rai har yau. Ƙa'idata ita ce abin da zai tafi da kansa cikin sati biyu ina cire shi, ƙurji, maiƙon goshi, hodar da ta taru a gefen hanci, zaren da ya maƙale a riga. Abin da yake na mutum ne ina bari, tawadar Allah, wushirya, tsagar gado irin bille ko zube, layukan fuskar dattijo. In kwastoma da bakinsa ya ce a cire wani tabo, wannan daban. In ta ce a ƙara mata haske ina nuna mata guda biyu gefe da gefe, kuma mafi yawa na gaskiyar suke ɗauka in an haska shi da kyau tun wajen ɗauka. A Lightroom launin fata yana zaune ne a madannin ruwan lemo, taɓa shi kaɗan-kaɗan, in ka ja da yawa mutum zai koma kamar toka ko kamar manja. Wajen sumulta fata kuma ka zuƙo hoton ka duba, in ba ka ganin ƙananan ramukan fata ka wuce gona da iri, koma baya. In ka gama tashi ka sha ruwa ka dawo bayan minti goma, ido yana sabawa da ɓarna in ya daɗe yana kallo.

Wajen fitarwa ka zaɓi tsarin launi na sRGB don launi kar ya canza a wayoyin mutane. Na Instagram ɗigo 1080 a 1350 yana zama daidai. Na wanki kuma ana son ɗigo 300 a kowane inci, wato hoton inci 8 a 10 yana buƙatar ɗigo 2400 a 3000, kuma ka tuna fasalin hoton kyamara ya fi na 8 a 10 tsawo, in ka cika firem tun wajen ɗauka za a yanke hula ko ƙafa wajen wanki, ka dinga barin fili. A WhatsApp ka tura a matsayin dokumen, in ka tura kai tsaye zai matse shi ingancin ya zube.

Kar ka goge memori sai hotuna sun zauna a wuri biyu, kwamfuta da wani hadis (hard disk) daban ko intanet, biki ba a maimaita shi. Batir biyu a cike kafin ka fita tunda wuta ba tabbas. Ka karɓi kafin alƙalami, ka faɗi adadin hotunan da za ka gyara da ranar da za ka bayar, in ka ce Laraba ta zama Laraba. Kuma kar ka ɗora hoton kowa a shafinka don talla sai ka tambaya, musamman matan aure da 'yan mata, in an ce a'a ka bar shi a kwamfutarka komai kyansa.