Kurakuran da ke hana yaranmu zama malaman kemistiri a sakandare

Bayan sallar La'asar wata Hajiya ta tare ni a unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Gana, takardun ɗanta a cikin leda. "Malam, duba min. Ya gama digirin kemistiri, ya yi bautar ƙasa, amma an ce masa lasisin koyarwa ba nasa ba ne tukuna." Abin ya taɓa ni, domin na san yaron, kansa na ja.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar digirin kemistiri a matsayin shaidar koyarwa. Sanin kemistiri daban, shaidar koyarwa daban. Hukumar malamai ta ƙasa, NTC, wadda ta fara jarrabawar lasisi a 2018, tana neman wanda ya karanci aikin malanta: dabarun koyarwa, halayyar ɗalibi, auna fahimta, da gwajin koyarwa a aji na gaske. Digirin kemistiri zalla, na jami'ar KNUST ta Kumasi ne ko na Jami'ar Gana da ke Legon, bai ƙunshi waɗannan ba. Gyaransa bai da wuya: ka ƙara difloman ilimi ta bayan digiri, wato PGDE, a Jami'ar Cape Coast ko Winneba. Wanda kuwa tun farko ya san alli zai riƙe, ya nufi Winneba ko Cape Coast ya haɗa kemistirin da ilimin koyarwa a shekara 4, ya huta.

Wasu kuma sukan shiga kwalejin horar da malamai, irin Wesley ta nan Kumasi, da niyyar koyar da 'yan babbar sakandare. Kwalejojin suna gudanar da karatun digiri tun 2018, gaskiya ne, amma na firamare da ƙaramar sakandare ne. Ka tambayi matakin kafin ka sayi fom.

Tun daga WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, ma ake yin tuntuɓe. Yaro ya duƙufa kan kemistiri ya ci A1, ya bar Turanci ko lissafi ya faɗa D7. Jami'a C6 take karɓa zuwa sama, a darussan dole 3 da na zaɓi 3. In haka ta faru, a sake zama jarrabawar Nuwamba da Disamba, kada a tsaya jiran alfarma.

Wanda ya fi ci min rai shi ne gudun ɗakin gwaji. Na ga sabon malami, takardunsa cif, ya tsaya gaban buret, bututun gilashin da ake ɗiga asid da shi, hannunsa na rawa. Ya saki asid da yawa, launin ruwan ya wuce ruwan lemo da ake nema ya koma ja, yara suna kallo. Alhali waɗannan yaran jarrabawar gwaji na jiransu a WASSCE. Kana jami'a, kada ka bar abokin rukuni ya ɗiga kai ka kwafi lamba. Roƙi mai kula da ɗakin ya bar ka ka maimaita har idonka ya gane ɗigon ƙarshe.

Lasisin kuma sabunta shi ake yi, da makin bitar ƙarin sani. Duk bitar da ka halarta, adana shaidarta ka tabbatar ta shiga shafinka na NTC.