Darasi na 9: Alikwot, Ɗiban da Aka Auna

Wanda ya taɓa shiga Tudun Hatsi a Gombe sayen gero ya san abin da mai saye ke yi kafin a fara ciniki. Ba ya cewa a zazzage buhu. Hannu yake zurawa can ciki, ya ɗebo ɗan kaɗan, ya baza a tafinsa, ya hura, ya duba ko da tsakuwa ko ƙwari sun ci. Da wannan ɗan ɗiban yake gane halin buhu guda. Ma'aikatan ɗakin gwaji a asibiti ma haka suke yi, sai dai su ba sa ɗiban ƙiyasi, aunawa suke yi. Wannan ɗiba da aka auna daga cikin abu mai yawa shi suke kira alikwot.

A takardunsu za ku ga an rubuta aliquot. Kada harafin q ya ba ku tsoro. Babu shi cikin baƙaƙen bokon Hausa, shi ya sa ba mu koye shi ba. Idan ya haɗu da u a nan, ku karanta su kamar "kw" na kwano.

Su ma Turawan Ingila aro kalmar suka yi, kamar yadda muka aro littafi da alƙalami daga Larabci. Daga Latin ta fito, harshen mutanen Rum na dā, a ƙasar da yau ake kira Italiya. Kalmomi biyu aka haɗa: alius, wato "wani", da quot, wato "nawa". A bakin Rumawa ma'anarta "wasu" ko "'yan kaɗan", adadin da ba a fayyace ba. Abin dariya, kalmar da a gidansu ba ta faɗin ko nawa ne, yau ita ce ta mutanen da ba sa yarda da kuskuren ɗigo ɗaya.

Masu lissafi ma suna amfani da ita, ga rabon da ba ya barin saura. Kuna da mudu 12 na masara. In kuka raba uku-uku, kashi 4 za ku samu cif. In kuka ce biyar-biyar, kashi 2 ne, mudu 2 su yi ragowa. To 3 alikwot ce ta 12, amma 5 ba ita ba ce. Kun ma daɗe da sanin wannan wajen zakkar kono: mudun Annabi 4 ke cika sa'i 1, ba ragi ba ƙari.

A asibiti kuwa, idan an ɗebi jini an tace ruwansa, sukan raba shi cikin ƙananan kwalabe, kowace da awonta na mililita, a rubuta lamba a jiki. Ɗaya a yi gwaji da ita yau, sauran a sa a firinji. Dalili shi ne yawan daskarewa da narkewa na ɓata samfuri, kuma in ƙazanta ta faɗa wa kwalba ɗaya, ba sai an sake kiran mai jinya an huda masa hannu ba.

Amma akwai sharaɗi, kuma matan ajin nan sun fi kowa saninsa. Uwargida ba ta ɗanɗana miya sai ta juya ta da ludayi, don gishirin na iya kwantawa gefe guda. Fura ma in ba a dama ba, na sama tsululu ne, gudajin na ƙasa. Maganin ruwa na yara da aka ce a girgiza kafin a ba su, dalilin ke nan. In ba a girgiza ba, cokalin farko ba shi da ƙarfi, na ƙarshe kuma ya yi yawa. Sannan a auna da ɗan kofin ko sirinjin da ya zo da maganin. Cokalin awo na magani mililita 5 ne, cokulan gidajenmu kuwa kowanne da girmansa.

Aikin gida: ku rubuta alikwot sau 5. Sannan ku lissafa: kwalba mai mililita 100, ana shan mililita 5 sau 2 a rana, kwana nawa za ta yi? Ku zo da amsa ranar Asabar.